Tazarar shukar koren wake a noman rani: tambayoyin masu lambu a Accra da amsoshinsu

Tun da wasu masu lambu a Accra suka fara gwada ɗan koren waken nan da Indiyawa ke kira mung, tambayoyin da ake tare ni da su, a bakin fangali ko a ƙofar masallaci a Nima bayan an sallame, duk wuri ɗaya suke kewayawa: iri nawa za a zuba, wace tazara za a bari, kuma me ya sa gonar wane ta rufe ruf, ta wane kuwa jiji ya cinye ta, alhali ruwa ɗaya suke sha. Na tara su a nan yadda aka yi mini su. Maganar duk a kan noman rani take, inda manomi ne ke ba da ruwa da hannunsa ko da inji.

Malam, wane irin wake ne wannan? Shi ne ɗanyen waken da muke kaiwa kasuwar Agbogbloshie?

A'a. Wancan kwansonsa ake yankawa ɗanye a zuba a soyayyar shinkafa. Wannan kuwa ƙwayarsa ake bari ta bushe, 'yar ƙarama ce, koriya, ba ta kai rabin ƙwayar farin wake ba. Masana suna kiransa Vigna radiata, wakenmu na wakye da ƙosai kuma Vigna unguiculata, ka ga ke nan gida ɗaya suka fito. Asalinsa Indiya, har yau kuma can aka fi noma shi, sai Myanmar da ƙasar Sin. A Afirka 'yan Kenya sun riƙe shi hannu bibbiyu, suna ce masa ndengu, a Tanzaniya kuma choroko. Ire-iren da aka inganta suna fara fure a kwana 30 zuwa 40 bayan shuka, su nuna a kwana 60 zuwa 75. Wannan saurin ne ya sa ya dace da raninmu: ka shuka a Disamba ko farkon Janairu, ka kwashe kafin ruwan Afrilu ya sauka.

Tunda 'yan gida ɗaya ne, me zai hana in shuka shi yadda Baba ya koya mini shukar wake?

Nan ne yawancinmu muka yi tuntuɓe, har da ni. Shekarar da na fara, na bi tazarar da malaman gona ke ba mu ta farin wake mai tsayuwa, santimita 60 tsakanin layi da layi, 20 tsakanin rami da rami, ƙwaya biyu a kowane rami. Na zuba ido ina jiran ya yi yaɗo ya haɗe. Wata guda da 'yan kwanaki sai ga fure, tsayinsa bai kai gwiwata ba, tsakanin layukan kuwa ƙasa ce tsirara, jiji da harƙiya suna shan ruwan da na ɗauko da kafaɗata. Na tsuguna na ƙirga rassan tushe ɗaya, uku ne, gajeru, duk sun miƙe sama. A ranar na gane ba zai taɓa cike wannan fili ba.

Farin wake in ka ba shi wuri zai miƙa hannu ya mamaye. Koren wake tsayuwa yake yi, rassansa kaɗan ne, kuma da ya fara fure sai ƙarfinsa ya koma kan kwanso, girman jiki ya ja baya. Akwai kuma dalili na biyu da ya shafe mu musamman. Wannan tsiro yana saurin fure idan yini gajere ne, a Accra kuwa yini ba ya yin nisa da awa 12 duk shekara, don muna dab da tsakiyar duniya. Saboda haka a nan da wuri yake fure, tun yana ƙarami. Tazarar farin wake tana ba ka tushe kamar 17 a fili mai mita ɗaya tsawo, mita ɗaya faɗi. Koren wake mai shan ruwan rani yana son ninkin wannan.

To tushe nawa ake so ke nan?

Tsakanin 30 zuwa 40 a kowane murabba'in mita, wato mita ɗaya tsawo da mita ɗaya faɗi. Manoman Ostireliya, musamman a jihar Queensland inda ake noma shi da injuna ana fitarwa ƙasashen waje, shawarar da ake ba su ita ce 20 zuwa 30 a gonar da ta dogara da ruwan sama, 30 zuwa 40 a gonar ban ruwa. A Indiya tazarar da aka fi sani ita ce santimita 30 tsakanin layi, 10 tsakanin tsiro, wadda ke ba da tushe 33, kuma a shukar rani sukan ƙara matse layukan. Ƙasashe biyu masu nisa da juna, ɗaya da tarakta ɗaya da hannu, sun haɗu a lissafi kusan ɗaya. A eka ɗaya, tushe 33 ya kama kusan 135,000.

Abin da ake ƙirgawa shi ne tsiron da ya tsaya da ƙafarsa bayan mako biyu. Ƙwayar da ka binne ta ruɓe, ko tsuntsu ya tone, ba ta cikin lissafi.

Ba ni da abin awo a gona. Ya zan yi?

Jikinka ya ishe ka farawa. Faɗin tafin hannun babban mutum, har da babban yatsa, ya kusa santimita 10: shi ne tazarar tsiro da tsiro. Tafi uku a jere, tazarar layi ke nan. Kamu ɗaya, daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kamar santimita 45 ne. Amma abin da na fi so shi ne ka je wurin tela a unguwa sau ɗaya, ya auna maka sanda mita ɗaya da tef ɗinsa, ka yi mata tsaga goma da wuƙa. Ka haɗa da igiya da turaku biyu don layi ya miƙe. Wannan sandar za ta yi maka aiki ranar shuka, ta sake yi maka ranar ƙirga.

In dai yawan tushen ɗaya ne, ina ruwan wake da faɗin layi?

Yana da ruwa sosai, kuma wannan ce tambayar da na fi son a yi mini. Ɗauki gonaki biyu, kowace tushe 33 a murabba'in mita. Ta farko layukanta santimita 30, kowane tsiro yana da tafi ɗaya tsakaninsa da ɗan'uwansa. Ta biyu layukanta mita ɗaya, don haka dole tsiro 33 su cunkushe a mita ɗaya na layi, yatsa biyu tsakaninsu. Iri ɗaya aka kashe. Amma a ta biyu tsirrai suna faɗa da juna a kan haske da ruwa tun suna jarirai, suna zanƙalewa sirara, ga kuma fili fetal a gefensu babu mai amfana da shi sai ciyawa.

Abincin tsiro daga hasken rana yake ƙera shi, a ganye. Duk hasken da ya sauka a kan ƙasa tsirara ya tafi a banza, har ma ya yi ɓarna, don yana busar da ruwan da ka zuba, yana tayar da 'ya'yan ciyawa. Wanda kwanakinsa 65 ne a duniya ba shi da lokacin jira. Abin da ake nema shi ne ganye ya haɗe ya rufe ƙasa daidai lokacin da fure zai fara, don a nan ne tsiron ke yanke yawan kwanson da zai riƙe. Gwaje-gwajen da aka yi a Ostireliya sun nuna layuka masu santimita 25 zuwa 50 suna fin masu mita ɗaya amfani, kuma bambancin ya fi fitowa fili a inda ruwa ya wadata. Mu da muke ba da ruwa da kanmu, mu ne maganar ta fi shafa.

Ga yadda za ka duba naka: ranar da ka ga furen farko, ka je da tsakar rana kafin azahar, ka tsaya a tsakiyar fangali ka dubi ƙasa. In inuwa ce da ɗigo-ɗigon haske nan da can, ka yi daidai. In kana ganin dogon zanen rana tsakanin layi da layi, baɗi ka matso da layukan.

Amma Malam, na gani da idona: wanda aka ba wa fili ya fi ɗaukar kwanso.

Gaskiya ka gani. Tushe ɗaya a sarari yakan fi na cikin taro 'ya'ya, shi ne ma ke ruɗar mutane, don ido tushe ɗaya yake kallo. Buhu kuwa daga fili yake cika. Mu ƙaddara, don misali kawai, mai tazarar farin wake yana da tushe 17, kowane da kwanso 16: ya tashi da 272 a murabba'in mita. Maƙwabcinsa yana da tushe 33, kowane da kwanso 11 kacal: ya tashi da 363. Duk wanda ya zo wucewa zai yaba gonar na farko. Amma in kowane kwanso yana da ƙwaya 10, kuma ƙwaya 100 tana da nauyin giram 5, wannan ratar ta kwanso 91 ta haura kilo 180 a eka.

To in haka ne, bari in cika shi maƙil in huta.

Kada ka yi, ɗan'uwa. Ci gaba da misalin: tushe 60, kowane da kwanso 6, ya ba ka 360. Ka kusa ninka kuɗin iri, ba ka ƙaru da komai ba. Da ma a nan ya tsaya da sauƙi. Tsiron da aka cunkushe kararsa siririya ce, sai ya yi tsawo yana neman haske, ranar da ka ba da ruwa iska ta kaɗa sai ya kwanta, kwanso ya taɓa jiƙaƙƙiyar ƙasa ya ruɓe. Ganyen ƙasa ya yi rawaya ya zube, furen da ke cikin duhu ya kakkaɓe. Daga 20 zuwa 30 ƙarin yana da daɗi, daga 30 zuwa 40 kaɗan ne, bayan 40 kuwa haɗarin ya fi ribar.

Mu a Dzorwulu fangali muke yi, da buta muke ba da ruwa. Ya za mu tsara?

Ku ne abin ya fi zo wa da sauƙi, don fangalin latas da kabeji ya riga ya dace da shi. Fangali mai faɗin mita 1.2 yana ɗaukar layi huɗu, santimita 30 tsakaninsu, a bar 15 a kowane gefe. In tsawonsa mita 10 ne, kowane layi tsiro 100, duka 400. Ƙwaya 500 ta ishe ka, ba ta wuce cikin tafin hannu ba.

Abu ɗaya da ake mantawa: hanyar da kake bi da buta ita ma fili ce. In ka haɗa da hanya mai santimita 30, tsiro 400 ɗin a murabba'in mita 15 suke zaune, wato 27 ke nan. Don haka ka ɗan matse cikin layi zuwa santimita 8, layukan bakin hanya za su miƙa ganye su ci hasken da ke wurin.

Sai kuma kan buta. Koren wake yana ɗago ƙwayarsa sama idan zai fito, kamar yadda farin wake ke yi. In ka kwarara ruwa da ƙarfi a kan sabuwar shuka, rana ta buga, ƙasa za ta yi ɓawo, sai ka ga ɗan tsiron ya lanƙwashe wuya a ƙarƙashi ya karye. Na sha ɗaga irin wannan ɓawon da farce in tarar da su a jere, farare, sun mutu. Ka jiƙa fangali sosai kafin shuka, ka binne zurfin gaɓar yatsa biyu, kamar santimita 3 zuwa 5, sannan ka riƙa yayyafi da kan buta mai ƙananan huda har su fito.

Mu kuma da ke Ashaiman da Dawhenya da Asutsuare, ruwa muke sakowa ta kwarin kunya.

A wurinku ruwa ne zai faɗi tazarar layi, sai ku gyara lissafin a cikin layin. Waɗannan filayen ban ruwa, da ke ƙarƙashin hukumar ban ruwa ta Ghana, wato GIDA, wadda aka kafa a 1977, da yawansu baƙar ƙasa ce mai danƙo, irin wadda ke tsagewa da rani ta kuma riƙe ruwa kamar kwano. Shinkafa tana son haka. Koren wake kuwa babu abin da ya tsana kamar ƙafarsa ta kwana a ruwa: saiwa ta rasa iska, 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikinta masu tara masa taki daga iska su mutu, ganye ya yi rawaya, ko ya farfaɗo ba ya komawa yadda yake. Kada a shuka shi a shimfiɗe cikin komin shinkafa a cika masa ruwa.

A ɗaga kunya mai faɗin kai, a sa layi biyu a kanta, ɗaya a kowace kafaɗa. In kunyoyin santimita 75 ne tsakaninsu, layi biyu a kowace, tsiro da tsiro santimita 8, kun sami 33. In gadaje ne masu mita ɗaya daga kwari zuwa kwari, da layi biyu, sai a matse zuwa santimita 6, ko a ƙara layi na uku a tsakiya in ƙasar tana jan ruwa zuwa can. Kuskuren da na fi gani shi ne layi ɗaya tal a kan kunya, kamar masara. Rabin gona ke nan aka bar wa ciyawa.

Ruwan ya bi kwari ya jiƙa kunya daga gefe, kada ya hau kanta, kuma a buɗe masa mafita ya fice a ranar.

Mai tiyon ɗigo-ɗigo fa?

Tiyo ɗaya, layi biyu, ɗaya dama ɗaya hagu, kowane santimita 15 daga tiyon. In tiyo da tiyo santimita 60 ne, layukanka duk sun zama 30 ke nan. A ƙasa mai rairayi danshi ba ya yaɗuwa gefe sosai, sai ka matso da layukan kusa da tiyo. Ka kunna awa ɗaya kafin shuka ka tona ka ga iyakar inda laima ta kai.

In na ƙara yawan tsiro, ba zai ƙara mini wahalar ruwa ba?

Ba kamar yadda kake tsoro ba. Gonar da ta rufe da wuri tana shan ruwa da ɗan yawa a makonnin farko, gaskiya ne, amma ruwan ta cikin ganye yake bi, yana yi maka aiki. A gonar da ke buɗe rana ce ke shanye shi daga ƙasa, ciyawa ta sha saura. Ƙiyasin da ake yi wa koren wake daga shuka zuwa girbi shi ne milimita 350 zuwa 500. Milimita ɗaya lita ɗaya ce a murabba'in mita, don haka fangali mai murabba'in mita 12 zai sha lita 4,200 zuwa 6,000, wato buta 280 zuwa 400 in butarka mai lita 15 ce. A raba da kwanaki, buta huɗu zuwa shida ke nan a rana. Sai dai ba a raba shi daidai: kaɗan yana ƙarami, da yawa daga fure zuwa cikar kwanso.

Ga inda tsoronka yake da tushe. In ka san ruwanka na iya yankewa, injin aro ne, ko rafin yana ƙafewa a Fabrairu, to ka tsaya a tushe 25. Gona mai cunkoso ta fi saurin shanye danshin ƙasa, in ƙishirwa ta same ta tana fure za ta zubar da shi. Haka kuma in rijiyar burtsatsenka tana da ɗanɗanon gishiri, kamar yadda ake samu a wurare da dama a kewayen Accra, ka sani koren wake ba ya jure gishiri, kuma babu tazarar da za ta gyara wannan.

Olonka nawa zan saya wa eka ɗaya?

Olonka, wato gwangwanin nan na awo a kasuwa, cika take aunawa, ba ta ƙirga ƙwaya, ƙwayar koren wake kuwa wani iri ya kusa ninka wani girma. Ka nemi sikeli. Iri mai matsakaiciyar ƙwaya, wadda 1,000 ke da nauyin giram 50, kilo ɗaya yana da ƙwaya 20,000. Tushe 135,000 zai ci kilo bakwai ba kaɗan in kowace ƙwaya ta fito, amma ba a taɓa yin haka ba. In 80 cikin 100 ne suka tsaya, kana bukatar kilo takwas da rabi. Mai manyan ƙwaya, giram 70 a kan 1,000, zai kai ka kusan kilo 12.

Kafin ka kashe kuɗi, ƙirga ƙwaya 100, naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma, ajiye a inuwa, kana yayyafa ruwa kullum. Bayan kwana biyar ka buɗe ka ƙirga waɗanda suka fito da saiwa mai lafiya. Ƙasa da 70, ka nemi wani irin. Wanda aka ɓare aka raba biyu, mai ruwan ɗorawa, da ake sayarwa a shagunan Indiyawa, na tukunya ne, ba ya tsira.

Ba zan iya watsa shi kawai in bi da manjagara ba?

Za ka iya, zai kuma fito. Amma wani wuri zai yi cunkus, wani wuri sanƙo, wata ƙwaya ta yi zurfi, wata tana sama kurciya ta tsince. Ranar noman firi kuma babu inda fartanya za ta shiga, sai cira da hannu. Kwana 30 na farko su ne ciyawa ke cin wannan wake da yaƙi. Tun ranar shuka ka gwada bakin fartanyarka a tsakanin layuka: in ba ta shiga santimita 25, ka tsaya a 30.

Yaushe ake ragewa, kuma in wani wuri bai fito ba in sake sawa?

Kwana 10 zuwa 14 bayan shuka, da ƙasa a jiƙe. Ka ajiye sandarka a jikin layi a wurare biyar daban-daban, har da inda bai yi kyau ba, ka ƙirga. A layi mai santimita 30 kana neman tsiro 9 zuwa 12 a tsawon sanda. Inda suka fito biyu-biyu ka tsinke mai rauni da farce maimakon tumɓukewa, kada ka girgiza saiwar ɗan'uwansa. Cike gurbi kuwa a makon farko yake da amfani. Bayan haka manyan za su rufe shi da inuwa, in ma ya yi kwanso zai nuna a makare. Dashe ba ya karɓarsa.

Ni a Kumasi nake, wajen Gyinyase. Lissafin ɗaya ne?

Kusan ɗaya, da ɗan sassauci. Ruwan saman Kumasi ya kusa ninka na Accra, raninku gajere ne, daga Disamba zuwa Fabrairu, kuma iskarku ta fi laima. Tsiro yakan fi yin ganye, cutar ɗigo-ɗigon ganye mai launin ƙasa kuma tana son ɗumi da laima. Ka buɗe layi zuwa santimita 40, tsiro da tsiro 8, ka tsaya a wajen tushe 30 don iska ta ratsa. Abin da ya fi tazara muhimmanci a wurinku shi ne ranar shuka: ka ƙirga kwana 70 baya daga farkon Maris, don in ruwa ya sami kwanson da ya nuna, ƙwaya takan yi baƙi ko ta tsira a cikinsa. Cibiyar binciken amfanin gona ta hukumar binciken kimiyya ta Ghana, CSIR, tana nan kusa da ku a Fumesua, su ne masu aikin wake da dangoginsa.

Cunkoso ba ya jawo ƙwari da cuta?

Yana taimaka musu in ya wuce kima. Da hunturu abin da za ka fi gani shi ne wata farar hoda kamar an barbaɗa toka, tana farawa daga ganyen ƙasa inda iska ba ta kaiwa. Sai tsutsar nan da muka sani a farin wake, mai saƙa yana ta haɗe fure da kwanso tana ci daga ciki, da darɓa, da farin ƙuda mai yaɗa cutar da ke sa ganye ya yi rawaya-rawaya. A gonar da ta kwanta ta cakuɗe, feshi a saman ganye yake tsayawa, tsutsa tana ƙasa tana cin karenta babu babbaka. Wannan ya sa nake cewa a gona mai faɗi a bar hanya bayan kowane layi huɗu zuwa shida, wadda mutum zai bi da tankin feshi ba tare da ya tattake fure ba. Kana bi kana buɗe fure kana dubawa tun kafin ɓarna ta bayyana.

Fangalina ya sha kashin kaji saboda latas. Zai yi?

Zai yi, amma kada ka ƙara masa, yuriya kuma ka ajiye ta. Ƙasar da taki ya yi wa yawa tana sa shi ya yi ganye baƙi ƙirin, ya yi tsawo, ya yi jinkirin fure, ya kwanta. A irin wannan fangali ka tsaya a tushe 30. Abin da ya fi bukata shi ne takin fosfaras a lokacin shuka. Bayan mako huɗu ka tono tushe ɗaya a hankali, ka wanke saiwar, ka fasa ɗaya daga cikin ƙulle-ƙullen da farce. In cikinsa ja-ja ne, yana ƙera takinsa da kansa.

Tazara tana shafar roro?

Tana shafa. Koren wake ba ya nuna lokaci ɗaya: kwanson farko yana baƙi, wani yana kore, wani fure yana buɗewa. Tsiron da ya sami fili da yawa ya fi yin haka, don rassan gefe a makare suke fure, sai ka yi roro sau uku ko fiye, wanda ya riga nuna kuma yana fashewa yana zubar da ƙwaya. A tazarar da ta dace yawancin kwanso a saman uwar kara suke taruwa, a fili inda hannu zai kai, nunarsu kuma ta fi zuwa kusa da juna. Da ka ga yawancin kwanso sun cika, na farko sun fara baƙi, ka yanke ruwa. In ka ci gaba da ba shi, sabon fure zai ɓalle. A yi roro da safe kafin rana ta yi zafi, lokacin kwanso bai yi ƙaras ba. Ganye da kara kuma kada a ƙone, harawa ce, masu tumaki a Zango za su saya.

Malam, ni 'yar bayan gida ce kawai nake da ita a Madina. In gwada?

Ki gwada, Hajiya, ke ce ma za ki fi mu ganin abin da kyau, don kullum idonki yana kansa. Ki yi ƙananan fangali uku masu girma ɗaya, iri ɗaya, rana ɗaya, ruwa ɗaya. Na farko layi santimita 60 irin na farin wake, na biyu 45 da tsiro kowane santimita 7, na uku 30 da tsiro kowane tafi ɗaya. Ki lura da ranar da kowanne ya rufe ƙasa da kuma sau nawa kika yi masa cira. Ki roro kowanne a kwaryarsa daban, ki shanya, ki auna da gwangwani ɗaya. Wanda ya fi a ƙasarki da ruwanki, shi za ki bi baɗi.

In na tukunya ne, yana dahuwa da sauri ba sai an jiƙa shi ya kwana ba, yana shiga shinkafa, ana kuma markaɗa shi a yi ƙosai ko tubani. In kuwa kina so ki tsirar da shi a ci ɗan tsiron, irin wanda gidajen abincin 'yan Sin ke saya, to ruwan da kika shayar da shi ya zama mai tsabta, ba na kwata ba, kuma ki shanya a kan tabarma ko leda inda kaji ba sa hawa. Wanda za ki ajiye na iri, ki bari ya bushe har ƙwaya ta yi ƙas a haƙori, ki zuba a kwalba ki cika ta har wuya ki toshe, don ƙwaron wake yana son wannan kamar yadda yake son farin.